Amsa ga mai tambaya kan rayuwar marubucin tafiye-tafiye

Ɗan'uwa, ka tambaya ko rubutun tafiye-tafiye sana'a ce da za ta riƙe mutum da iyalinsa, da kuma yadda ranar mai yin ta take kasancewa. Na daɗe cikin wannan aiki, don haka zan faɗa maka abin da na gani. Tafiyar ita ce ƙaramin ɓangaren aikin. Mafi yawan lokaci yana tafiya ne a zaune, wajen karatu kafin a tashi da kuma rubutu bayan an dawo.

A kan kuɗi, kada ka bar aikin da kake yi saboda wannan. Abin da jaridu ke biya kan maƙala guda sau da yawa ba ya mayar da kuɗin mota da masauki, shi ya sa ni da abokan aikina muke haɗawa da koyarwa, ko fassara, ko shirin rediyo, wasu kuma suna ɗora bidiyo a YouTube. Idan wani otal ko kamfani ya ɗauki nauyin tafiyarka, a ganina wajibi ne ka sanar da masu karatu, domin amanarsu ita ce jarinka.

Aikin da ke hannuna yanzu shi ne bin sawun fataken goro daga Kano zuwa Gwanja. Kafin in taka ƙasar Gana sai da na karanta yadda kasuwar Salaga, cibiyar cinikin goro ta ƙasar Gwanja a arewacin Gana, ta fara ja da baya bayan Turawan Ingila sun ci masarautar Asante da yaƙi a 1874, da yadda yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa 'yan kasuwarta zuwa wasu garuruwa. Ba don wannan karatu ba, da na isa Salaga na ga gari mai tsofaffin rijiyoyi kawai, ban san abin da zan tambaya ba. A zangon Kumasi kuwa, labarin da ya fi amfani na same shi ne a bakin wani dattijo mai sayar da goro, wanda yana yayyafa wa huhu ruwa yana lissafa mini garuruwan da kakansa ya yada zango a cikinsu. Bai buɗe baki ba sai da na yi ta komawa ina zama tare da shi, ba tare da na fito da waya ko littafi ba. Wannan ne ya sa nake ganin gara mutum ya zauna gari guda ya san shi, da ya ratsa garuruwa da yawa yana ɗaukar hoton ƙofofinsu.

Haka abin yake a Agadas. Kowa zai ɗauki hoton hasumiyar masallacin nan ta ƙasa mai tsayin mita 27, wadda aka fara ginawa wajen 1515, kuma kowa zai rubuta cewa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Abin da zai bambanta rubutunka shi ne zaman da ka yi a rumfar maƙerin azurfa, kana kallon yadda yake siffanta abin wuya da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, sannan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin kakin. Ka kuma riƙa neman izini kafin ɗaukar hoto, musamman na mata da na fada.

Ka sa a ranka cewa hanya ba ta hannunka. An rufe iyakokin Najeriya na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an kuma sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, kuma kowanne ya tsayar mini da aikin da na riga na shirya. Game da tsaro, direbobi da 'yan kamasho a tasha sun fi kowa sanin halin da hanya take ciki a ranar, sai ka tambaye su, kuma kada ka yi tafiyar dare.

A gida, nakan yi rubutu bayan sallar asuba kafin yara su yi shirin makaranta, da rana in tafi wurin aiki, da dare in kwafe hirarrakin da na naɗa. Kwafewar nan ita ce mafi wahala, kuma idan aka jinkirta ta ana mance yanayin da aka yi maganar a ciki. Iyali ma suna da haƙƙi: ba na tashi sai na bar cefane, na kuma faɗi ranar dawowa. Abin da nake yi don jin daɗin kaina shi ne tattara kirarin garuruwa, irin su Kano ta Dabo tumbin giwa da Katsina ta Dikko ɗakin kara, kuma tambayar kirari takan buɗe mini hira da dattawa cikin sauƙi.

Idan kana son gwadawa, ka fara da garinku. Ka je marinar Ƙofar Mata idan a Kano kake, ko wata tsohuwar sana'a da ke kusa da kai, ka yini tare da masu ita, ka rubuta shafi biyu, sannan ka karanta musu su gyara maka abin da ka ji ba daidai ba.