Akwai allurar da take gyara ƙwaƙwalwar jaririn da bai yi kuka ba wajen haihuwa?

Tambaya: Salamu alaikum Likita. Maiɗakina ta sha doguwar naƙuda, yaron ya fito bai yi kuka ba sai da aka daɗe ana hura masa iska. Yau kwanansa 4 a ɗakin jarirai, yana jijjiga. Wani mai kemis ya ce akwai allura 'yar waje mai gyara ƙwaƙwalwa, zai samo mana. In saya? Wallahi ko barci ba na yi. (Wani uba daga Kurna)

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba yaro lafiya, ya ba maijego haƙuri. Kada ka saya.

Har yau babu allurar da aka tabbatar tana gyara wannan illa da rashin iska wajen haihuwa ke yi wa ƙwaƙwalwa. Wadda aka fi sa wa rai ita ce erythropoietin, allurar da ke sa jiki ya ƙara jini. An gwada ta kan jarirai 500 a Amurka, sakamako ya fito a 2022: ba ta rage mutuwa ko naƙasa ba, kuma waɗanda aka yi wa sun fi gamuwa da munanan matsaloli. Wasu magungunan, melatonin da allopurinol, suna hannun masu bincike. Abin da ya yi amfani a ƙasashen Turawa shi ne sanyaya jikin jariri da na'ura zuwa digiri 33.5 na awa 72, a fara cikin awa 6 da haihuwa. Da aka gwada shi a Indiya, Sri Lanka da Bangaladesh, mutuwa ma ƙaruwa ta yi. Saboda haka kada kowa ya kusanto shi da ƙanƙara.

Maganar "allurar ƙwaƙwalwa" ɗin nan kuwa ta ishe ni. Kusan kullum sai uba ya tare ni a baranda da kwalba a leda, takardarta duk ta goge, ya kashe kuɗin ragon suna a kanta. Wanda ya sayar masa bai taɓa ganin yaron ba, bai san nauyinsa ba, bai san ƙodarsa ma ta wahala da rashin iskar nan ba. Jaririn da ko fitsari bai daidaita ba za a ɗura wa abin da ba a san asalinsa ba? Mafi ciwo, wasu sa hannu suke yi su cire yaro daga asibiti don a je a yi masa allurar a gida, sai a dawo mana da shi jiki ya yi sanyi, jijjiga ta ƙi tsayawa. Masu wannan ciniki su ji tsoron Allah, da tashin hankalin iyaye suke cin abinci. Gwajin magani na gaskiya a asibitin koyarwa ake yinsa, da izinin kwamitin ɗa'a da sa hannun iyaye, ba a kemis ba.

Kuɗin nan ka riƙe su don abin da yake taimakonsa yanzu: iskar oksijin, auna sukarin jini, phenobarbitone don jijjiga, da nonon uwa a tatsa a ba shi ta robar ciyarwa da ake zura wa zuwa ciki. Kada a ɗura masa rubutu ko jiƙo, zai iya shaƙewa. A yi masa tofi da addu'a. Bayan sallama kada ku tsallake ranar ganin likita, a duba jinsa da riƙon wuyansa, in da buƙata a fara gashin ƙashi da wuri.