Ki bar yaron ya sa hannunsa a ciki

'Yata, kin tambaye ni me ya sa yaran da muke dafa wa, 'yan shekara 1 zuwa 3, suke ture faranti, kuma ko ki fara zana musu fuskar mage da kunnen zomo da abincin ko sa ci. Adon faranti yana da wurinsa, amma shi ne na ƙarshe.

Ki fara sanin wanda kike dafa wa. Jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa kusan sau 3 a shekarar farko. Daga nan girman ya rage sauri, abin da yake ƙarawa bai fi wajen kilo 2 a shekara ba, yunwa ma ta ragu. Uwa ta ga yaron da bara yake lashe kwano yau ya ci loma biyu ya tashi, sai hankalinta ya tashi, alhali lafiyarsa ƙalau. Cikinsa bai fi dunƙulen hannunsa ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima: in kika tula masa abinci, tun bai ɗanɗana ba ya karaya. Ki auna babban cokali ɗaya na kowane irin abinci ga kowace shekara tasa. Ɗan shekara 2, cokali 2 na shinkafa, 2 na wake, 2 na kayan lambu. In ya cinye ya miƙo faranti, ki ƙara masa.

Abin da ya fi faranta wa yaro rai a waɗannan shekarun shi ne ya yi da kansa, kuma a nan nake so ki fi zuba ƙoƙarinki. Ki yanka karas da dankali dogo-dogo yadda zai damƙa, ki dafa su har ki iya murƙushe su tsakanin yatsu biyu. Dafaffen ƙwai ki raba shi gida huɗu. Ki ajiye ɗan ƙaramin kofi na yogot marar sukari ko niƙaƙƙen wake a gefe, domin tsoma abu a ciki wasa ne a wurinsa, wasan da yake ƙarewa a baki. Zai ɓata riga, zai shafe kumatu. Ƙyale shi, kada ki bi shi da tsumma bayan kowace loma. Da taɓawa da shinshinawa yake gane abinci kafin harshe ya yarda da shi. Yawancinsu ba sa son a cakuɗa komai wuri guda, don haka ki ware kowanne a gefensa, launi biyu ko uku a faranti. Ki kuma ba shi zaɓi tsakanin abu biyu kawai: ayaba ko lemo?

Wajen shekara 2 yara sukan fara tsoron duk abincin da ba su saba gani ba. Sau da yawa sai an kawo abu sau 10 zuwa 15 kafin su karɓa. Masu girki da dama suna yanke ƙauna a karo na uku, su ce yaron ba ya so, kuma wannan gaggawa ce. Ki sa sabon abu ɗan kaɗan kusa da wanda ya riga ya sani, ki ci naki a gabansa, ki yi shiru. Ellyn Satter, masaniyar abinci 'yar Amurka, ta raba aikin yadda nake ganin daidai ne: babba ke yanke abin da za a ci, da lokaci, da wuri, yaro kuma shi ke yanke ko zai ci da yawan da zai ci. Ban da ɗura, ban da alkawarin alewa in ya cinye, ban da kunna masa waya don a zura cokali bai sani ba. Bayan minti 20 zuwa 30 ki ɗauke faranti ba faɗa. Ki lura da madara ma, in ta wuce rabin lita a rana takan cika masa ciki ya kasa cin abinci.

To, yanzu ado. Ki yi idanu da yankakkiyar ayaba, ki yi baki da ɓallen lemo, ba laifi, amma jefi-jefi, kada ya saba sai da shi. Kada ki taɓa soke abinci da tsinke don kyau. Inabi ki tsaga shi a tsaye gida huɗu, gyaɗa ɗungurungum kuwa ba ta shiga farantin yaron da bai kai shekara 5 ba, saboda shaƙewa. Ya ci a zaune, idonki na kansa. Gishirinsa kada ya wuce giram 2 a yini. In kuwa kika ga yaro yana ramewa, ko yana tari da kakari duk lokacin da ya haɗiye, wannan ya wuce aikin mai girki: ki gaya wa iyayensa ranar nan su kai shi wurin likita.