Amsa ga ƙanena a Sakkwato kan bayar da kare barbara

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce wani mai sayar da 'yan kwikwiyo ya yaba da karenka na gadi, irin na Jamus ɗin nan da ake kira German Shepherd, yana so a haɗa shi da karyarsa ya biya ka, kana kuma tambaya yadda muke yi a nan Birmingham ta Ingila.

Mu Hausawan nan kaɗan ne a cikinmu ke ajiye kare. Gidajen babu tsakar gida, ga sallah a kan kafet. Amma muna zaune cikin mutanen da kare ke kwana a falonsu, dole muka san dokarsu. Tun 2016 wajibi ne a sa wa kowane kare 'yar na'urar shaida ƙarƙashin fata. Ba a sayar da kwikwiyo sai ya cika mako 8. Daga 2020 aka hana dillalai sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, mai saye ya je wurin wanda ya kiwata ya ga uwar da idonsa. Ƙungiyar Kennel Club mai rajistar asalin karnuka a nan, wadda aka kafa a 1873, ba ta rajistar 'ya'yan karyar da ta riga ta haihu sau 4, ko waɗanda aka samu daga uba da 'yarsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hoton ƙugu. Irin karenka suna gadon lalacewar gaɓar ƙugu, shi ya sa sai kare ya shekara ɗaya a ɗauki hoton ƙashinsa, likitoci su ba shi maki kafin a yi zancen barbara. Na ga karen wata maƙwabciyata yana jan ƙafafun baya, ya tsaya gindin matakala yana kallon sama, sai an tallafo shi da tawul. Kyan jiki da ƙarfin haushi ba su nuna wannan ciwo. Naka zai iya kasancewa ɗauke da shi ya zuba wa zuriya guda.

Don haka ra'ayina kada ka bayar yanzu. Ba ka san karyar ba. Akwai wani ciwon ƙari da karnuka ke ɗauka wajen barbara, yana fitowa a al'aura yana zubar da jini, kuma ya yawaita inda karnuka ke yawo sakaka. Sannan bayan kwana kamar 63 za ta zubo 'ya'ya, wa zai ɗauke su? Zuciyata tana ƙuna idan na tuna irin waɗannan karnuka masu kaurin gashi ɗaure da sarƙa a zafin Afrilu na Sakkwato, kaska cike da kunnuwa, kwanon ruwa a bushe.

Batun kuɗin ma ka kai wa malaminka. Ya zo a Bukhari daga Ibn Umar cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana karɓar ladan barbara, kuma malamai sun yi bayani mai tsawo a kai.

In ka ga lallai sai an yi, fara kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a duba shi, a yi masa allurar haukan kare, ka kuma ce mai karyar ya kawo tasa a duba a gabanka. Ka gaida Inna da yara.