Wane furen hops zan saya da yawa?

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina ɗan dafa giya a gida, sayen hops, furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi, kaɗan-kaɗan yana cinye min kuɗi, ina so in saya da kilo amma sunayen sun yi yawa har na rasa wanda zan ɗauka. A taimaka.

Amsa: Ɗan'uwa, kar sunaye su ruɗe ka, fara duba irin giyar da ka fi dafawa. Akwai hops na ɗaci, akwai na ƙamshi. Na ɗaci shi ya fi cancanta ka saya da yawa, ni dai Magnum zan ce maka, alfa asid ɗinsa, wato sinadarin da ke kawo ɗacin, yana kai wajen kashi 12 zuwa 14, ɗan kaɗan za ka zuba a farkon tafasar minti 60 ya yi aiki kuma baya kawo wani ƙamshi da zai ɓata maka tsari, kusan kowace giya yana shiga.

Na ƙamshi kuwa a nan mutane ke asara. Cascade na Amurka ƙamshin lemo gare shi, Saaz na ƙasar Cek ƙamshinsa sanyi-sanyi ne, na filsna, wata irin giya mara duhu. Gaskiya kar ka sayi kilo guda na abin da baka taɓa gwadawa ba, sayi giram 50 tukuna ka ji.

Ka nemi wanda aka matse ya zama ƙwayoyi, ya fi busasshen fure daɗewa, sannan ka duba shekarar girbi a jikin ledar. Iska da zafi da haske su ke kashe hops, in ka buɗe ka rarraba a ƙananan ledoji, ka zuƙe iskar ka liƙe, sai firiza. Wanda ya fara warin tsohon cuku kuwa zubar da shi kawai.