Filin Tambaya da Amsa: Gyaran Saukowar Sanda a Wasan Golf

Duk bayanan da ke ƙasa na mai bugu da dama ne. Bahago sai ya juya su, inda muka ce hagu ya karanta dama.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina buga golf. Da zarar na ɗauki direba, wato sandar bugu mai nisa, sai ƙwallon ta tashi ta hagu, ta yi baka, ta je ta faɗa can dama cikin bishiyoyi. Kadina, wato mai ɗaukar mini jakar sanduna, ya ce da kafaɗa nake saukowa. Mene ne magani? (Mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, kadinka ya gano ciwon. Idan sanda ta kai ƙololuwa, kafaɗarka ta dama ce ke riga kowa motsi. Sai ta tura hannuwa waje, kan sandar ya ratso ƙwallon daga waje zuwa ciki, fuskarta kuma a buɗe, wato ta karkata dama da hanyar da sandar ke bi. Wannan yankan ne ke murɗa ƙwallon ta karkace dama. In kana son shaida, buga da sandar ƙarfe mai lamba 7 ka dubi gurbin da ya ɓantare a ƙasa: za ka tarar yana nuna hagu.

Saukowa mai kyau daga ƙasa take farawa. Ƙafar hagu ta fara karɓar nauyi, ƙugu ya buɗe, ƙirji ya biyo, sai hannuwa, kan sanda shi ne na ƙarshe. Dubi ɗan dambe: ba ya kai naushi sai ya taka, ƙarfin daga ƙugu yake fitowa, hannu isar da saƙo kawai yake yi. Ben Hogan, Ba'amurken da ya ci manyan gasanni 9, a kan wannan ya gina koyarwarsa, cewa ƙugu ne ke fara saukowa.

Atisayen da muka fi yarda da shi a nan shi ne na taku. Ɗora ƙwallo a kan gajeren turke, ɗan tsinken da ake kafawa a ƙasa don ɗora ƙwallo, ka tsaya yadda ka saba, sannan ka jawo ƙafar hagu ta haɗu da ta dama. Ɗaga sanda. Kafin ta gama hawa, taka da ƙafar hagu zuwa inda take da farko, sannan ka buga da rabin ƙarfi. Sirrin yana cikin kalmar "kafin". Wanda ya jira sanda ta tsaya sannan ya taka, kafaɗa za ta sake riga shi. Yi 10 babu ƙwallo, 10 da ƙwallo, sai 5 a tsayuwarka ta yau da kullum.

Bayan wannan, ajiye rigar kan direba a wajen ƙwallon, tazarar faɗin tafin hannu, ka ɗan ja ta baya. In ka sauko daga waje, ita za ka fara doka. Kada ka sa abu mai tauri a wurin, kwali ko rigar sanda sun isa.

Gargaɗi ɗaya. Ranar da hanyar sandar ta gyaru, mai yiwuwa ƙwallon ta riƙa tafiya dama ɗoɗar. Kada ka karaya, ci gaba ne: fuskar sandar ce har yanzu a buɗe. Juya hannun hagu kaɗan a kan mariƙi har ka ga gaɓoɓin yatsu biyu zuwa uku idan ka dubi ƙasa.

Tambaya: Ni kuwa wani lokaci ƙasa nake sara kafin ƙwallo, wani lokaci in doke ta a ka ta yi ta gangarawa. Ya aka yi matsala biyu suka haɗu mini? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Malam, matsala ɗaya ce mai fuska biyu. Sandar ƙarfe tana zana baka ne, kuma wurin da bakan ya fi yin ƙasa ya kamata ya kasance a gaban ƙwallon. Naka yana bayanta, ko don nauyinka ya maƙale a ƙafar dama, ko don ka saki wuyan hannu da wuri kana son ɗebo ƙwallon sama. In sandar ta nutse, ka sari ƙasa. In ta tsallake tana hawa, ka doki kan ƙwallon. A filayenmu da rani abin ya fi ɓoyuwa, domin ƙasa ta bushe ta yi tauri, sanda ta dira a baya ta yi tsalle ta sami ƙwallon, mutum ya ɗauka ya buga daidai. Sai damina ta sauka asiri ya tonu.

Shimfiɗa tawul mara kauri a bayan ƙwallon, tazarar santimita 10. Buga rabin bugu da ƙarfe mai lamba 8 ko 9 ba tare da ka taɓa shi ba. In ka yi 8 cikin 10 lafiya, matso da shi kaɗan. A wuri mai yashi, ja layi da sanda ka riƙa sara babu ƙwallo, kowane gurbi ya fara daga layin ya yi gaba. A lokacin bugu hannuwanka su riga kan sanda wucewa, mafi yawan nauyinka na kan ƙafar hagu. Ɗaga ƙwallo aikin kwanciyar fuskar sanda ne, ka bar mata.

Ka kuma lura ko ƙugunka na matsowa wajen ƙwallon kana miƙewa. Sa kujera a bayanka tana taɓa ka, ka yi lilo a hankali. Wajen ɗagawa ɓangaren dama ne zai taɓa ta, wajen saukowa na hagu. In ka rabu da ita gaba ɗaya, ka miƙe da wuri.

Tambaya: Kowa da abin da yake ce mini in tuna lokacin saukowa, har kaina ya ɗaure. Wanne zan riƙe? (Mai karatu daga Abuja)

Amsa: Hajiya, saukowar sanda ba ta wuce kusan rubu'in daƙiƙa, ɗagawa kuma takan ci ninki uku na haka. A wannan ɗan lokaci ba a iya bai wa jiki umarni biyu. Zaɓi ɗaya kafin ki tsaya kan ƙwallon, gwargwadon kuskurenki. Mai yanko ƙwallo ta ce wa kanta "bayana ya ɗan daɗe yana kallon tutar rami". Mai sarar ƙasa ta ce "taka, sannan juya". Mai gaggawa ta ƙirga ɗaya, biyu, uku tana ɗagawa, ta buga a kan huɗu.

Shawarar da muke roƙon ki ajiye ita ce "kada ki ɗago kai". Tana daskarar da ƙirji, juyawa ta tsaya, hannuwa su yi aikin su kaɗai. Bar kai ya bi ƙwallon bayan bugu, ki ƙare da cibiya tana kallon tuta, diddigen dama a sama, ki iya tsayawa haka daƙiƙa 3.

Tawul da kujera da sandunan saiti, waɗanda ake shimfiɗawa a ƙasa don daidaita tsayuwa, na filin atisaye ne. Dokar golf ta hana amfani da kayan koyon bugu a tsakiyar zagaye, don haka ranar gasa su zauna a jaka.