Shin ƙara motocin bas zai rage cunkoson hanyar Nyanya?

Tambaya: Ina zaune a Mararaba, ina aiki a Wuse, cikin Abuja. Sai na yi asuba nake isa ofis kan lokaci. Ana ta cewa manyan bas ne maganin wannan gosilo da hayaƙin da muke shaƙa. Gaskiya ne kuwa?

Amsa: Malam, da gaskiya a ciki, amma da sharaɗi. Mu fara da lissafi. Tasi ɗin da ke lodi a hanyarku mutum shida take ɗauka, biyu a gaba, huɗu a baya. Ke nan mutum 60 sai tasi goma, alhali doguwar bas ɗaya za ta iya kwashe kusan wannan adadi idan aka haɗa da na tsaye. Filin titin da tasi goma ke cinyewa ya ninka na bas sau da yawa, balle a zo ga masu motar kansu, da za ka ga mutum ɗaya tal a ciki.

Matsalar ita ce, bas ɗin da ta faɗa cikin gosilon Nyanya zuwa mahaɗar AYA ita ma tsayawa take yi kamar kowa. To me zai sa mai mota ya bar sanyin motarsa ya shiga cikin zafi da turereniya, ya kuma isa a lokaci ɗaya? Ba zai bari ba. Shi ya sa Legas, da ta fara tsarin bas masu sauri, wato BRT, a 2008, ta ware wa bas layinta daban. Ranar da mai mota ya ga bas ta wuce shi fuu yana zaune cik, ranar zai fara tunani. Sai kuma lokaci: bas ɗin da ba ta tashi sai ta cika, ma'aikaci ba zai dogara da ita ba.

Abuja ta riga ta ɗanɗana wannan. An hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006, aka kawo dogayen bas ɗin nan da har yau ake kira motar El-Rufai, ministan Abuja na lokacin. A 2013 kuma aka hana ƙananan bas, wato araba, shiga cikin gari. A ganina kuskuren shi ne an kori acaɓa da araba kafin manyan bas su wadatu, sai ƙananan motoci suka cike gurbin, 'yan wan-cans, wato masu yi wa fasinja fashi a cikin mota, kuma suka samu inda za su fake.

Batun hayaƙi gajere ne. Bas cike da fasinja, idan aka raba man da ta ƙona a kan kowane mutum, ta fi tasi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma tsohuwar bas mai dizal da ba a kula da injinta, baƙin hayaƙinta illa ne ga huhu, musamman ga masu talla a bakin titi. Bas masu amfani da iskar gas ta CNG sun fi tsafta ta wannan fannin.

Kai da ke Mararaba, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ka san yadda kuɗin mota ke cin albashi. A nan bas ta fi amfani: tana bai wa mai ƙaramin ƙarfi damar zuwa aiki, asibiti da kasuwa ko da gosilon bai ragu ba. Kafin a ware mata layi, ka ci gaba da yin sammakonka.