Wa ya fara tattara Alƙur'ani, Abubakar ko Usman?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ne cikinsu. Aikin biyu ne. Bayan yaƙin Yamama, inda mahaddata da yawa suka yi shahada, Sayyidina Umar ya shawarci Sayyidina Abubakar, aka ɗora wa Zaidu bin Sabit tattara shi wuri guda. Takardun suka ƙare a hannun Nana Hafsa.

Wajen shekara ta 25 bayan Hijira, sahabi Huzaifa bin Yaman ya ga saɓanin karatu a yaƙin Armeniya, sai Sayyidina Usman ya sa aka kwafe takardun nan, aka aika garuruwa.

Kuskuren da ake yi: cewa Sayyidina Usman ya ƙone Alƙur'ani. Rubuce-rubucen da suka saɓa wa kwafin ya ƙone. Batun haruffa bakwai kuwa, wato fuskokin karatu da aka saukar da Alƙur'ani a kansu, nemi malamin ƙira'a.